Ƙayar da Ta Soki Inna a Zakka

Saboda ƙaya guda na ɗauki alƙalami. Duk mai tsoho ko tsohuwa a gida da ke yawan jin ƙishirwa, yana yawan fita fitsari, ciwo kuma ya fito masa a ƙafa ya ƙi warkewa, to ya karanta wannan, ko ya sa a karanta masa. Mu ba wanda ya gaya mana, sai da muka rasa uwarmu.

Sunana Asabe. A Zakka aka haife ni, ƙasar Safana, gidan malamai. Lokacin da abin nan ya faru Turawa sun riga sun zo, amma mu a ƙauye ba mu san wani mai iko ba sai hakimi, sai Sarkin Katsina, can sama kuma Sarkin Musulmi a Sakkwato. Innarmu ɗiyar malami ce. Ta sauke Alƙur'ani tun tana budurwa, matan gari kan taru a ɗakinta tana koya musu tsarki da salla. Yayana Ɗahiru shi ya gaji makarantar babanmu bayan rasuwarsa. Ni kuwa kuturta ta kama ni ina da sauran ƙuruciya, aurena na fari ya mutu a kanta, aka kai ni asibitin mishan da ke wajen birnin Katsina. Na yi shekaru can ana yi mini allura. Na fito da lafiya, ban da yatsu biyu na hannun hagu da suka guntule. Na kuma fito ina bin Yesu Almasihu. Can na koyi karatun boko, can na auri maigidana, shi ma warkakke, muka zauna a wata 'yar unguwar masu bi kusa da Batsari.

Inna ba ta tsine mini ba, ba ta kuma taɓa tambayata komai ba. In na je gaisuwa akan shimfiɗa mini tabarmata daban, a ba ni ƙwaryata daban. Har yau ban sani ba ko don cutar ne, ko don addinin.

Da kaka abin ya soma. Inna ta zaga bayan gida tsinkar yakuwa, ƙayar aduwa ta shige mata ƙarƙashin babban yatsa na ƙafar dama. Ba ta ma ji ba, sai da matar Yaya ta ga jini a kan buzun salla. Aka cire ƙayar, aka barbaɗa toka, aka ɗaure da tsumma. Ba wanda ya sake tunawa. Wa ke jinyar ƙaya a ƙauye?

A mako na biyu, ranar kasuwar Batsari, wata mai daddawa daga garinmu ta tare ni ta ce, "Asabe, tsohuwarki a zaune take salla." Washegari na ɗaura ƙunshina na kama hanya.

Na tarar yatsan ya kumbura yana sheƙi, yana fitar da ruwa. Na kuma ga abin da a lokacin ban san ma'anarsa ba: Inna ta rame, tulu ba ya kwana da ruwa a ɗakinta, tururuwa kuma na taruwa a inda take fitsari. Matar Yaya ta ce ai shekara guda ke nan ana haka, tsufa ne.

Magani kam an yi shi. Gwaggo, ƙanwar babanmu, ta ce a dinga shafa kashin shanu mai ɗumi. Wanzami ya zo ya tsaga, ya matse, Inna tana kallonsa kamar ba jikinta ba. Yaya yana rubutu safe da yamma ana wankewa tana sha. Wani Bafillatani ya kawo sassaƙe ya ce a tafasa a dinga gasawa. Ni na ce a bar wurin da tsabta, ruwan gishiri kawai, kamar yadda na ga ana yi a asibiti. Gwaggo ta ce maganin kutare ba shi ne na masu lafiya ba. Sai ya zama da safe in wanke, da rana a shafa kashin shanu, da yamma in sake wankewa. Ba mu san wanne ke aiki ba, wanne ke ɓata na wani.

Rannan Gwaggo ta faɗi abin da ke cikinta, a gabana. Ta ce, "Gidan da ɗiya ta bar salla, ai dole a ga abin gani."

Inna tana kwance ta ce, "Ƙaya ce ta soke ni, ba Asabe ba."

Ranar ce, bayan kowa ya fita, ta kira ni. Ta ce, "Na ga bakinki na motsi in kina wanke mini ƙafa. Me kike cewa?"

Na ce, "Addu'a nake miki, Inna."

"To ɗaga murya in ji abin da ake roƙa mini."

Na runtse ido na fara, na kira Allah Uba, kamar yadda aka koya mana. Ban kai ko'ina ba ta ce, "Tsaya. Uban wa?"

Na ce uban duk wanda ya ba da gaskiya. Ta ce, "Da wace matar ya haife ku?" Na ce ba irin wannan haihuwar ba ce. Ta ce to wace iri ce? Shekara da shekaru ina faɗin kalmar nan a majami'a, ba wanda ya taɓa tsayar da ni a kanta. Sai na ce, "Inna, kamar yadda maraya ke samun mai riƙonsa ya ce masa baba."

Ta ce, "Wannan na gane shi. Amma ba na jin shi kaɗai kuke nufi. Ci gaba."

Daga ranar aka buɗe ƙofar da ta yi shekaru a rufe. Kullum ina wanki tana tambaya. Ba da faɗa ba, yadda take tambayar matan da take koyarwa. Mu ma muna azumi? Wa ke wanke gawarmu? In Annabi Isa ya ɗauki zunubin mutane, me ya hana mutum ya yi ta sata? Wadda ta fi ɗaure mini kai ita ce da ta ce, "Kun ce shi Allah ne, kun kuma ce ya mutu. To kwanakin da yake cikin kabari, wa ke riƙe da sama kada ta faɗo?"

Na ce, "Ban sani ba, Inna."

Ta ce, "Madalla. Rabin ilimi ke nan. Yayanki bai iya faɗinta ba."

Na ji kunya ƙwarai. Ina da Linjila a ƙunshina, amma 'yan wuraren da aka sa mu haddace kaɗai na sani. A Zakka, a gindin rumbu, na fara karanta ta daga farko, ina bi da yatsa. Wani wurin in sami amsa, wani wurin in sami sabuwar tambaya da ta fi ta Inna nauyi. Akwai ranar da na rufe littafin na ce a raina, anya na san abin da na shiga kuwa? Ko dai allura da kunu da hannu mai taushi na bi?

A mako na huɗu yatsan ya yi baƙi kamar gawayi, baƙin ya fara hawowa. Ɗakin ya ɗauki wani wari da turaren wuta bai iya rufewa. Na ce wa Yaya a kai ta asibitin mishan inda aka yi jinyata. Ya ce ba za a yi ba.

"Mun kai mutum ɗaya, kin ga abin da aka dawo mana da shi."

Na ce, "An dawo muku da shi da rai, Yaya."

Muka yi ta yi a tsakar gida, ni ina kuka, shi yana jan carbi da ƙarfi. Inna ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne, sai ta ɗaga murya daga ɗaki ta ce, "Malam! In zaman layin asibiti zai kwance mini addini, da ma ban ɗaure shi da kyau ba. A nemo jaki."

Aka sayar da ragon da take kiwo da buhun gero. A jaki muka kai ta bakin hanya, muka wuni kafin motar gyaɗa ta tsaya mana. Yadda motar nan ke jijjiga ta, tana cije mayafi, ba na son tunawa.

A asibiti zan faɗi alheri, zan kuma faɗi abin da ya ɓata mini rai. Mun iso washegari da hantsi muka tarar da mutane fal a gindin ɗorawa. Ba a buɗe tagar ba da kati sai an gama wa'azi, wa'azin kuwa ya yi tsawo, ga tsohuwa zazzaɓi na kaɗa ta. Ni mai bi ce, amma ranar na ji haushin wa'azi. Akawun da ke ba da kati ya daka wa Yaya tsawa kamar yaro, don ya tambayi inda za a yi alwala. Sai bayan azahar muka shiga. Amma da muka shiga, Baturiyar da muke ce wa Sista ta durƙusa a ƙasa ta kwance tsumman da hannunta. Masu jira suka toshe hanci suka ja baya, ita ko ba ta ko yamutsa fuska ba. Yaya ya kalle ta, ya kalle ni.

Aka auna fitsarin Inna aka ce akwai suga a jininta, shi ya kashe mata jin zafi, shi ya hana ciwon warkewa. Likita ya duba ƙafar, ya yi magana da Hausarsa ta Turawa, maganar da har gobe tana kunnena: "Mama, wannan ƙafa ya mutu. Ke ba ki mutu ba. Idan ya zauna tare da ke, zai ja ki." Ya ce a yanke daga ƙasan gwiwa, gobe-goben nan.

Yaya ya ce sai ya koma ya yi shawara da dangi, ya kuma duba littattafai. Likita ya ce babu lokaci. Inna ta ce ba za a taɓa ta ba sai Malam ya dawo. Ya tafi, ya yi kusan mako. Wannan makon shi ya cuce mu, ban kuwa ɗora wa Yaya shi kaɗai ba. Ni da na san asibiti, da na faɗi a ƙasa na yi birgima, wataƙila da sun ji.

A cikin makon ne Inna ta saba da Malam Ishaku, mai bisharar asibitin, wanda ya koya mini karatu a da. Bamaguje ne asalinsa, dattijo mai yawan dariya. Yakan zaga ɗakunan marasa lafiya bayan la'asar. Ya gaishe ta, ta ce, "Kai ne malamin Asabe? To zauna, ta bar mini tambaya ba amsa." Ta maimaita masa zancen sama da kabari.

Ya ce, "Inna, dubi rana. Ga ita kanta can sama, ga haskenta a ƙasa, ga zafinta a jikinki. Uku ne, amma rana ɗaya ce. Hasken ne ya sauko mana."

Ta ce, "To in haske ya mutu, ai duhu aka yi."

Ya tafa hannu ya ce, "An yi duhun kuwa, Inna! Da tsakar rana aka yi shi."

Ta yi dariya har tari ya kama ta. Ta ce bai gamsar da ita ba, amma ya dawo gobe. Haka suka yi ta yi kullum, ita ta jawo nata, shi ya jawo nasa, matan ɗakin suna saurare. Wani lokaci in ji Malam Ishaku ya yi gaskiya sarai, sai Inna ta faɗi kalma ɗaya in ji ƙasa ta zame mini. Nakan fita in tsaya a bakin rijiya in rasa da wane suna zan fara addu'a.

Da Yaya ya dawo ya ce ya halatta a yanke don ceton rai. Sai Inna ta fito da abin da ke damunta tun farko. Ta sa aka kira Malam Ishaku, ga Yaya a zaune, ta ce, "Ku gaya mini. In aka binne ƙafar nan a nan, ni aka binne ni a Zakka, ran tashin ƙiyama da ƙafa ɗaya zan tsaya gaban Ubangijina?"

Yaya ya ce wanda ya halicce ta daga babu ba zai gaza tattaro ta ba, ko yatsa ba zai ɓata ba. Malam Ishaku ya ce haka yake, za a tashe ta da jiki cikakke, wanda ba ya ruɓa.

Ta dubi wannan, ta dubi wancan, ta ce, "Ashe akwai inda kuka shirya. To a yanke."

Aka yi aiki. Ni da maigidana, wanda ya biyo mu da gari da kukar miya, muka karɓi ƙafar a cikin farin ƙyalle. Inna ta riga ta yi mana kashedi a fuskantar da ita alƙibla. Muka haƙa a bayan shinge, masu bi biyu, muna gardamar ina ne gabas.

Kwana biyu ta ji sauƙi, har ta sha fura. Yaya ya koma gida don almajiransa da girbi, ya ce zai dawo ran Juma'a. A rana ta uku zazzaɓi ya dawo da ƙarfinsa, dungun ya fara ruwa. Sista ta ja ni gefe ta ce dafin ya riga ya shiga jini kafin a yanke. Malam Ishaku shi ma ya ja ni gefe. Ba dariya a fuskarsa. Ya ce, "Asabe, lokaci ya ƙure. Gardama ta isa haka. Ki yi mata maganar ceto, ke ce ɗiyarta."

Na je na zauna a bakin gadon ina in'ina. Ta gane. Ta ce, "Aiko ki aka yi. Ki saurara. Na san Annabi Isa tun ba a haife ki ba, ina gaishe shi duk inda na iske sunansa a karatu. Ba amsar malaminki nake so ba. Ke, me kika gani a wurinsa da ni ban gani ba?"

Duk abin da na shirya ya gudu. Sai na ji bakina yana cewa, "Inna, da aka kawo ni nan, shekara guda ke nan ba wanda ya taɓa jikina. Ko ke. Rannan aka karanta mana cewa wani kuturu ya zo wurinsa. Yana da ikon ya warkar da shi daga nesa da magana, amma sai ya miƙa hannu ya taɓa shi tukuna. Ni abin da na gani ke nan. Sauran duk daga baya nake koyo, har yanzu ban iya ba."

Hawaye ya gangaro mata zuwa kunne. Ta lalubo hannuna na hagu, mai dungun yatsu, ta ɗora a kan ƙirjinta ta riƙe. Mun daɗe a haka. Ban san ko wa'azi na yi ba, ko ƙara na kai.

Ran Juma'a da hantsi numfashinta ya sauya. Yaya bai iso ba, ashe motarsu ce ta lalace a hanya. Harshenta ya yi nauyi, ta fara wata kalma ta kasa ƙarasawa, ta sake farawa ta kasa. Ta buɗe ido ta ce, "Asabe, tuna mini."

Na san abin da take nufi. Kalmar shahada take so a laƙƙana mata, kamar yadda ake yi wa Musulmi in zai cika. Na miƙe na ce bari in kira wata Hajiya da ke jinyar ɗiyarta a ɗakin gaba. Ta damƙe mini wuyan hannu da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

"Ke. Ni na koya miki."

Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba. Na tuna ranar da aka yi mini baftisma da abin da na yi alkawari a gaban jama'a. Na tuna maganar Malam Ishaku. Ga uwata kuma tana kallon bakina kamar jariri. A raina na ce, Yesu, kai ka san ni. Na sunkuya a kunnenta na ce, "Inna, ki ce," na faɗa mata kalmar daga farko har ƙarshe, yadda ta koya mini ina ƙarama. Leɓenta ya bi. Na sake, ya sake bi. Daga nan na shafa mata kai ina roƙa mata jinƙai a ɓoye da sunan wanda nake bi. Kafin a kira salla ta cika.

Yaya ya iso da la'asar, ƙura har gira. Abu ɗaya ya tambaya: "Ta cika da kalma?" Na ce ta cika da ita. Ya ce alhamdu lillahi, ya juya wa bango fuska. Musulmin ƙauyen da ke kusa suka taimaka aka yi mata sutura a maƙabartarsu. Allah ya saka musu, su da Sista, da direban motar gyaɗa da ya ƙi karɓar komai a kan tsohuwa.

Na gaya wa Malam Ishaku abin da na yi, ban rage komai ba. Ya ce da shi ne ba zai faɗa ba, bakin mai bi shaida ɗaya gare shi. Maigidana ya ce an umarce mu mu girmama iyaye, ban kuwa faɗa don kaina ba. Suka yi ta jawo ayoyi, kowa da tasa. Daga baya Malam Ishaku ya zo har gidanmu ya ce maganar ta hana shi sakewa, domin shi ba a taɓa riƙe masa wuyan hannu haka ba. Ya ce mu dinga zama muna karatu tare, ni in yi tambaya irin ta Inna, in bai sani ba zai ce bai sani ba. Muna yi har yanzu, matan unguwarmu ma sun shigo. Inda Inna take kuwa, na tambaye shi, ya ce wannan ba a ba shi mabuɗinsa ba.

Ran sadakar arba'in na je Zakka. Bayan mutane sun watse Yaya ya kira ni zaure, abin da bai taɓa yi ba tun da na dawo daga mishan. Ya ce ya sake komawa asibitin don ya yi wa Hajiyar ɗakin gaba godiya, ta ce masa ba ita ba ce.

"Wa ya laƙƙana mata?"

Na ce, "Ni ce, Yaya."

Carbin ya tsaya a hannunsa. Ya ce a hankali, "Kin dawo ke nan?"

"A'a, Yaya. Ina nan inda nake."

"To me kika yi ke nan?"

Na ce, "Ban sani ba. Ta ce in tuna mata, na tuna mata."

Ya ce ya karanta littattafai da yawa, bai taɓa cin karo da hukuncin wannan ba. Na ce mu ma namu malamin bai samu ba. Sai ya goge ido da hannun riga, ya ce, "Rana ta yi. Kada ki kama hanya yau. Gobe in kin huta ki zo ki faɗa mini duk abin da ta tambaye ki, ɗaya bayan ɗaya. Ni ba ta taɓa tambayata ba."